Dattijon Da Na Kashe a Takarda

Ina da shekara goma sha biyu aka ce Innata mayya ce. Wanda ya faɗa kuwa yayan mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda muke kira Baba Babba.

Ƙauyenmu yana tsakanin Malumfashi da Kafur, in an sauka daga kwalta sai an ɗan taɓa tafiya a ƙasa. Mu Kiristoci ne tun zamanin kakana. Da Hausa muke addu'a, da Hausa muke faɗa, masara da dawa da auduga muke nomawa kamar maƙwabtanmu Musulmi na tsallaken rafi. Baba Babba shi ne babban dattijon ikkilisiyarmu. Makullin majami'a a aljihunsa yake kwana, kuma shi ke zagayawa da faranti ranar Jibin Ubangiji yana miƙa wa mutane gurasa. Mahaifina ya rasu shekara biyu kafin wannan magana, maciji ya sare shi a gonar auduga. Inna ta ci gaba da riƙonmu mu uku, ni da ƙanena da ƙanwata, da sana'ar daddawa. Ita ce kuma mai buga babban tulu a zumuntar mata. In ta sa tafin hannu a bakin tulun nan, har ƙirjin mutum yake amsawa.

Baba Babba yana da auta, yarinya 'yar shekara biyar, wadda ba ta rabuwa da ɗakinmu. Inna ke mata kitso, Inna ke ajiye mata ƙanzo. Da bazarar shekarar sanƙarau ya shigo gari, ya kama ta. Wuyanta ya sandare, jiki kamar garwashi, ba ta gane kowa, bakinta sai "Innar daddawa, Innar daddawa." Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san fassarar da ake yi wa wannan: wai in marar lafiya ya kama sunan mutum, wanda ya riƙe kurwarsa ne yake gani.

Da hantsi Baba Babba ya shigo gidanmu, mutane na biye da shi. Inna na durƙushe tana wanke kalwa.

Ya ce, "Taso ki zo ki tsallake ta."

Inna ta ɗago, hannunta na ɗigar ruwa. Ta ce, "Yaya, a rafi ɗaya aka yi mana baftisma ni da kai. In addu'a ce, mu tafi yanzu, zan durƙusa a kanta har gwiwata ta goge. Amma in na tsallake ta, na yarda ke nan ni na kama ta, ni kuwa ban kama kowa ba. Ku kai yarinyar nan asibiti."

Ya ce, "Kin ci ƙanena, yanzu kin juyo kan 'yata."

Sai washegari ya kai ta asibitin Malumfashi. A can ta rasu.

Bayan sati biyu dattawa suka zauna. Ba su iya rubuta maita a littafin ikkilisiya ba, domin su da bakinsu suke wa'azi cewa mai bi ba ya tsoron maye. Sai suka rubuta taurin kai da raina dattawa. Aka sa Inna horo, har ranar da za ta tsaya gaban jama'a ta nemi gafara. Ta ce a faɗa mata laifin da sunansa, za ta nema. Ba wanda ya faɗa. A haka ta shekara bakwai.

Wanda aka sa horo a wurinmu bencin baya yake zama, daf da ƙofa, inda awaki ke leƙowa. Ba ya cin Jibi, ba ya waƙa a gaba. Aka karɓe tulun aka ba wata da ba ta iya ba. Daddawar Inna ta daina fita a ƙauyen, sai dai ta ɗora kwando ta tafi kasuwar Kafur. Akwai wata Hajiya mai tuwo a can da labarin ya kai mata, ta ce in dai maita ce ke sa daddawa ƙamshi haka, a ƙaro mata biyu. Ita kaɗai na taɓa jin ta mayar da maganar abin dariya. A gida kuwa, ranar Kirsimeti in Inna ta aike ni da kwanon shinkafa gidan maƙwabta, sai a karɓa a ce an gode, kafin in kai ƙofa na ji ana kiran kare. Ƙanena kullum da jini a leɓe yake dawowa daga makaranta saboda ana ce masa ɗan mayya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Inna ba ta taɓa fashin Lahadi ba. Za ta yi wanka, ta ɗaura zanenta mai kyau, ta je ta zauna a bencin nan. Baba Babba zai zo da farantinsa, ya ba na gabanta, ya juya. Ni ina can cikin 'yan mata ina kallon ƙeyarsa, ina ayyana abubuwan da ba a ayyanawa a ɗakin sujada.

Yadda horon ya ƙare ma wulaƙanci ne. Wani sabon fasto ya zo, ya duba littafi, ya tambayi abin da matar nan ta yi, aka rasa mai amsawa. Ranar Lahadi aka karanta dawo da ita cikin sanarwa, tsakanin maganar gyaran rufi da ta taron matasa. Ba wanda ya ce mata a yi haƙuri. Baba Babba ya miƙa mata gurasa yana kallon bango.

Na gama karatu, na sami aikin koyar da Hausa a wata makarantar 'yan mata a Funtua. Nan na fara rubutu, bayan an tashi daga makaranta, a cikin littattafan rubutu irin na ɗalibai. Ban tsaya neman labari ba, tun ina yarinya nake ɗauke da nawa. Na canza sunan gari, na canza sunayen mutane, na yi wani dattijon majami'a mai jan ido, mai cin amanar marayu, wanda ko dariyarsa mugunta ce. Na yi wata gwauruwa wadda ba ta taɓa ɗaga murya ba. A ƙarshe na sa bangon rumbu ya faɗo wa dattijon. Ya yi kwana uku a kwance ƙashin baya a karye, ba mai zuwa gaishe shi. Na kuma kumbura masa harshe har ya cika baki, ya mutu yana gurnani. Ranar da na rubuta wannan shafin na ci tuwo malmala biyu. Ban taɓa jin daɗin rubutu kamar na ranar ba, har yau kuwa.

Da hutu ya zo na tafi gida da littattafan a jaka. Inna tana iya karatu da ƙyar, don haka ni na karanta mata, kwana uku a jere bayan azahar, a gindin ɗorawar bayan gida, tana tsince kalwa. Ba ta katse ni ba ko sau ɗaya. Da na kai ƙarshe na rufe, ina jiran ta yi kuka ko ta sa mini albarka.

Ta ce, "Yarinyar fa?"

Na ce, "Wace yarinya?"

"Autarsa. Kin ce ta kwanta, kin ce ta mutu, shi ke nan. Ba ki faɗi yadda ya goya ta da zanen uwarta ba, namiji, dattijo, ya hau keke a cikin ranar nan. Ba ki faɗi dawowarsa ba. Ni na gan shi ta kan danga, yana turo keken, zanen na rataye a wuyansa."

Na ce, "Inna, labarinki nake rubutawa, ba nasa ba."

"To me ya sa shi ya cika littafin?"

Ta kaɗe faifai, ta ce, "Harshen nan da kika kumbura masa, don me?"

"Don kada ya tuba."

"Ashe kin san in ya tuba za a karɓe shi."

"Na sani. Shi ya sa."

Ta ce, "Wanda ya halicce shi bai rufe masa ƙofa ba, ke da kika yi shi da biro kin rufe. A cikin littafin nan ke ce mai rayarwa, ke ce mai kashewa, na kuwa saurare ki kwana uku, ban ga wanda zai so zama a hannunki ba. Ita ma matar da kika ce ni ce, ba ni ba ce. Waccan ba ta taɓa yi wa kowa mugun fata ba. Ni na yi shekara biyu ina roƙon Allah ya kashe mutumin nan, a bencin baya, ana waƙa ina roƙo."

Na ce, "To ki bar ni in cika miki addu'arki mana."

Ta ce, "An hana ni, na kuma gode da aka hana ni."

Na tashi na bar mata wurin. Washegari na koma Funtua, hutu bai ƙare ba. A mota ina ta huci. Wannan matar da aka taka, aka zubar da abincinta wa karnuka, ita ce ke kare wanda ya taka ta. Na ce a raina addinin nan ya gama da ita, ya mai da ta tabarma.

Amma maganarta ta bi ni har ɗaki, domin ba sabon abu ta faɗa ba. Tun a makarantar Lahadi aka koya mana cewa kowane mutum cikin kamannin Allah aka yi shi, cewa ba wanda ya tsira daga zunubi ko da mai tsarkin cikinmu ne, cewa ƙofar tuba a buɗe take har numfashin ƙarshe, kuma ceto kyauta ne, ba ladan aiki ba. Na haddace su duka, na ci jarrabawa a kansu, ban taɓa tunanin za su biyo ni teburin rubutu ba. Sai ga shi kowace ɗaya ta kama mini hannu. In na gaskata ta farko, ba ni da ikon yin mugun da babu komai a cikinsa sai mugunta. In na gaskata ta biyu, gwauruwata ba za ta zama fara fat ba. In na gaskata ta ƙarshe, hukuncin dattijon ba nawa ba ne, ko a takarda. Na ji kamar an shigo mini ɗaki ba sallama. Wuri ɗaya tak nake da shi a duniya da zan rama wa uwata, shi ma an ce ba nawa ba ne. Na jefa littattafan a ƙasan akwati, na yi shekaru ban buɗe ba.

Ina nan har na yi aure na haihu, sai ɓarin jikin Baba Babba ya shanye. A kakar shekarar na je gida bikin godiya, ranar da kowa ke kawo dami ko buhu gaban majami'a. An riga an sake ginin majami'ar, yanzu na bulo ne, har da fanka. Ana tsakiyar sujada sai ya ɗaga hannunsa mai lafiya. Babban ɗansa ya tallafe shi ya miƙe. Bakinsa ya karkace, miyau na zuba, amma ana jin abin da yake faɗa.

Ya ce, "Ni na ce matar ƙanena mayya ce. Ƙarya na yi. Na san ƙarya ce tun ranar da likita ya faɗa mini sunan ciwon. Ina roƙon Allah gafara, ina roƙonta."

Inna ta tashi daga cikin tsofaffin mata, ta tako a hankali, ta kama hannun nan nasa da ya mutu. Ta ce, "Na yafe, Yaya. Tun tuni."

Sai guɗa. Matan da suka kira wa shinkafarmu kare, su ne suka fi kowa buɗe maƙogwaro. Aka ɗauki waƙa, aka buga tulu, mutane na share hawaye suna rungumar juna, kamar duk abin da ya faru wani aljani ne ya zo ya yi ya tafi. Daga miƙewarsa zuwa zamansa bai kai a dafa ƙwai ba. Shekara bakwai ke nan aka gama da su.

Na fita na tsaya bayan tarin masara. Ya sani. Duk Lahadin da ya wuce ta da faranti, ya sani. Ya bari sai da ƙarfinsa ya ƙare, sai da ba abin da gaskiyar za ta rage masa, sannan ya faɗa. Kuma bisa ga abin da ni kaina na gaskata, an karɓe shi, cikakkiyar karɓa, ba rabi ba. Ban yi shakkar wannan ba ko kaɗan, shi ya sa ma fushin ya rasa inda zai sauka.

Bayan wata biyu faston da ke riƙe da ikkilisiyar a lokacin ya zo mini har Funtua a kan babur. Matashi ne, mai karatu, ba ya cikin waɗanda suka ga farkon abin. Ya ji ina rubutu, yana so in mai da labarin wasan kwaikwayo don babban taron Ista, inda ikkilisiyoyin yankin ke haɗuwa.

Ya ce, "Malama, irin wannan shaida ba a bari ta ɓace. Ki kai shi daidai inda ta kama hannunsa, sai mawaƙa su ɗauka."

Na ce, "Shekara bakwai ɗin fa, Fasto?"

"A taɓa su kaɗan. Abin da aka gafarta an shafe shi."

"An shafe shi a wurin wa? Ƙanena ya bar ƙauyenmu yana ɗan shekara goma sha bakwai, yana Kaduna yana gyaran mota, bai sake taka majami'a ba. Ko bikin godiyar bai zo ba. A shafe shi shi ma?"

Ya ce, "Ba na so a tono abin da zai raba kan ikkilisiya."

Na ce, "Mutum ɗaya ne ya tuba. Majami'a guda ce ta ƙi cin abincinmu. Sauran sun shige cikin guɗa sun fita ta ƙofar baya." Muryata ta fara tashi, har maƙwabciyata ta leƙo. Na ce, "Ku ke koya mana cewa da Ubangiji ya tashi daga matattu, da ramukan ƙusa a hannunsa ya tashi, har ya nuna su. Shi da ke da ikon shafewa bai shafe ba. Ni don me za a ce in shafe na uwata don taro ya yi armashi?"

Ya yi ta juya makullin babur a hannunsa. Mutumin kirki ne, bai yi mini wa'azi ba. Ya ce zai yi tunani, ya sha ruwa ya tafi. Ban rubuta wasan ba, wani ya rubuta musu, na ji an yi ta tafi.

Sai dai hujjar da na jefe shi da ita ta juyo kaina. In na ce ba za a ɓoye raunin Inna ba, da wane baki zan ɓoye na mutumin da ya goyi 'yarsa a keke? Na yi wata guda ina kokawa da wannan, daga baya na hau mota na je gidan Baba Babba, karo na farko tun ina 'yar sha biyu. Na tarar da shi a zaure kan tabarma, an jingina shi da buhu. Na gaishe shi a tsaye. Ya lura.

Na ce, "Baba, da ka dawo daga asibiti, me ya hana ka faɗa?"

Ya daɗe yana haɗa kalmomin, bakin ba ya ba shi haɗin kai. Ya ce, "Likita ya ce da jiya ka kawo ta. Jiyan nan kuwa ina gidanku ina neman mai laifi." Ya numfasa. "In ba uwarki ba ce, to ni ne. Ban iya ɗauka ba."

Na ce, "Sai ka ɗora mata."

"Na ɗora mata."

"Shekara bakwai."

Ya ce, "Duk Lahadi in na ɗauki farantin nakan ce yau zan faɗa. In na iso kusa da ita sai in ce Lahadi mai zuwa. Da aka dawo da ita sai na ce ai ya wuce." Ya goge bakinsa da hannun riga. "Bai wuce ba."

Kaji na tono a bakin zaure. Can ya ce, "Ke fa, 'yata, kin yafe?"

Na ce, "Ban kai nan ba tukuna."

Ya ce, "To."

Na fito da fushin da ya fi wanda na shiga da shi, domin yanzu na gane shi, ni kuwa ba ganewa na je nema ba. Na so in tarar da dattijon littafina mai jan ido. Na tarar da matsoraci wanda 'yarsa ta mutu, kuma na san wannan tsoron, domin ni ma uwa ce yanzu, na taɓa yin sakaci da zazzaɓin ɗana na kwana guda ina cewa zai sauka.

Na ciro littattafan daga akwati na fara daga farko. Shekara biyu na yi. Bangon rumbu ya fita. Keke ya shiga, da zanen goyo, da maganar likita. Gwauruwar ta koma mace mai baki, mai roƙon mutuwar maƙiyinta ana tsakiyar waƙa. Dattijon ya rayu, ya tuba, aka karɓe shi, ban rage masa komai daga karɓar ba ko da yake hannuna ya so. Amma ban tsaya a guɗa ba. Na ci gaba da labarin har ƙarin babi huɗu: aka miƙa wa gwauruwar tulunta, yatsunta sun riga sun ƙage da sanyin ƙashi, ba ta iya bugawa. Ɗanta bai dawo ba. Matan unguwa suka fara aiko mata da abinci ba tare da ko ɗaya ta ce ga dalili ba. Babin da ya fi ba ni wuya shi ne na hanyar asibiti, inda dole in shiga cikin kan mutumin in taka keken tare da shi. Sau huɗu ina yaga shi. Duk lokacin da ya yi kyau sai in ji na ci amanar Inna, duk lokacin da na lalata shi da gangan sai in san ƙarya na yi.

Na buga 'yan kwafi a Zariya. Ba wanda littafin ya yi wa daɗi sosai. Wani malami abokin aikina, Musulmi, ya karanta ya ce rubutu ya yi, amma shi da ya so ya ga azzalumin ya ɗanɗana tun a duniya. Na ce masa ni ma haka. Mutanen majami'armu kuwa suka ce na tona asirin gida a kasuwa. Inna ta sa ƙanwata ta karanta mata, da na je abin da ta ce kawai shi ne na yi kuskure a wurin daddawa, kwana uku ake rufe kalwa ba biyu ba. Baba Babba ya rasu kafin littafin ya fito. Na je jana'iza, na taya dafa abinci, ban yi kuka ba.

Bara da rani, wata Asabar, ina wanki sai aka yi sallama. Tsohuwa ce daga ƙauyenmu, wadda ta daɗe tana shugabar zumuntar mata, ita ce kuma aka ba tulun Inna a wancan lokaci. Ta hau mota tun daga Malumfashi ita kaɗai. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce jikarta ta karanta mata littafin.

Ta ce, "Matar nan mai kiran kare, ni ce."

Na ce, "Ba ke kaɗai ba ce, Mama."

"Amma karen nawa ne, har launinsa kin faɗa." Ta gyara mayafi. "Shi kin je kin tambaye shi dalilinsa, kin rubuta. Mu ba ki tambaye mu ba. Kin tara mu kamar tumaki, ba mai fuska a cikinmu."

Na so in ce mata dalilinta ya bi ta, in ce ni yarinyar da ta tsaya a ƙofarta da kwano ce. Amma gaskiya ta faɗa a kan littafin, kuma na san daga inda gaskiyar ta fito. Abin da ya hana ni kashe dattijon bai ware ta ba.

Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa, na zauna nesa kaɗan da hannuna duk kumfa. Ta ce a shekarar sanƙarau ɗin ta riga ta binne 'ya'ya biyu, tana da cikin na uku, uwar mijinta kuma ta rantse in ƙwayar abincin gidanmu ta shiga bakinta sai ta koma gidan ubanta. Ta ce ba ta taɓa gaskata Inna mayya ce ba, kuma ba ta taɓa ƙaryatawa ba, tsoro kawai take ji. Ta ce tulun ma ba ta so ba, duk ranar da ta buga shi sai ta ji kowa ya san ba hannunta ba ne. Ta yi ta magana har la'asar, wankina ya bushe a bokiti. Ban ce mata na yafe ba, ita ma ba ta roƙa ba. Da ta gama na ɗauki mayafina na raka ta tasha, na tsaya har motar Malumfashi ta cika.